Daidai Ruwa Daidai Tsaki: Yadda Mai Ƙaramin Ƙarfi Zai Haɗa Kayan Wasan Gem

Tambayar da ta fi yawa a saƙonnin da ake turo mini ita ce wannan: "Yaya, na ɗan tara wasu 'yan kuɗi, ina son in sayi gem kafin hutu, wanne zan saya?" Wani ɗalibi ne da ya gama jarrabawa, wani magidanci ne da yara suka dame shi, wani kuma ya gaji da bin layi a gidan gem na unguwa. Na amsa wa mutane da yawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin gaba ɗaya, daga ranar da ka fara tanadi har ranar da ka zauna a ɗakinka ka kunna.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko: kuɗin inji ba shi ne kuɗin wasa ba. Mutane da yawa sun zuba duk abin da suka tara a kan inji, suka kai shi gida, ya zauna a kwali saboda babu faifan wasa, babu data, babu wutar kirki. Farashin kayan nan yana bin dala ne, yau sama gobe ƙasa, don haka zan fi ba ka yadda za ka kasa kuɗinka, kai kuma ka tambayi farashin ranar a kasuwa.

1. Fara da biro da takarda

Rubuta abin da ke hannunka, da abin da kake iya warewa duk wata ba tare da ka taɓa kuɗin abinci, na makaranta ko na haya ba. Sannan ka kasa kuɗin farko gida huɗu. Ni ga yadda nake ba da shawara: kashi 60 cikin 100 na inji, kashi 15 na kariyar wuta, kashi 15 na wasanni da ƙarin hannun wasa, wato fad, kashi 10 kuma a ajiye shi gefe don gyara. Wato idan naira dubu 200 gare ka, injin da za ka nema kada ya wuce dubu 120. Idan injin da ranka ke so ya fi haka, abu biyu ne: ko ka ƙara haƙuri ka ci gaba da tarawa, ko ka sauko matakin da ke ƙasa da shi.

Gargaɗi: kada ka ci bashin manhajojin ba da rance saboda gem. Kuɗin ruwansu kaɗai zai saya maka faifai biyu ko uku, ga tozarci idan ka yi jinkirin biya.

2. Wasan da kake so shi zai zaɓa maka inji

Kafin ka tambayi farashin komai, rubuta wasanni uku da ka san lallai su za ka riƙa yi. Wannan mataki ne da mutane ke tsallakewa, kuma shi ne yake hana asara. Idan ƙwallo ce kawai damuwarka, kai da abokai a ɗaki, ba ka da wata bukatar PS5. Idan Free Fire ko PUBG ko Call of Duty Mobile kake yi da mutanenka, waya mai kyau kake bukata, ba inji ba. Idan kuwa GTA VI kake jira, ka sani kamfanin Rockstar ya sanar da shi ne don PS5 da Xbox Series kawai, ba zai hau PS4 ba, sai ka yi lissafinka da wannan a zuciya.

Idan ba ka tabbatar da abin da kake so ba, je gidan gem ka biya kuɗin awa ɗaya ko biyu, ka gwada wasanni daban-daban. Gani ya kori ji. Kuma in faɗa maka gaskiya, wanda awa biyu kawai yake samu a ƙarshen mako, gidan gem ya fi masa araha nesa ba kusa ba, domin ba shi zai sayi mai ba, ba shi zai yi gyara ba.

3. Zaɓi hanya ɗaya daga cikin uku

Waya ita ce hanya mafi sauƙi, domin da ma kana bukatarta. eFootball, Dream League Soccer, Free Fire, PUBG Mobile, duk kyauta ake sauke su. Idan za ka canza waya saboda wasa, manta da yawan kyamara, ka dubi abu uku: firosesa, RAM, da girman ma'adana. RAM ya kai giga 6 in da hali, ma'adana giga 128. A ƙananan wayoyi, masu Helio G99 ko Snapdragon 685 suna ɗaukar waɗannan wasanni ba laifi idan ka rage ƙarfin hoto. Ka lura da abin da ake rubutawa a kwali irin "8+8": takwas na farko ne RAM na gaske, na biyun aro ne daga ma'adana, ba ya sauri kamar na ainihi. Kada a sayar maka da shi a matsayin 16.

Hanya ta biyu ita ce kwamfuta, kuma ina ba da shawararta ga ɗalibin da zai yi karatu da ita ya kuma yi wasa. A nan ne aka fi yaudarar mutane. Mai shago zai nuna maka takardar Core i7 a jikin laftof ya ce ta gem ce. Tsohuwar i7 ta shekaru goma da suka wuce ba ta kai i5 ta baya-bayan nan ƙarfi ba, kuma abin da ke ɗaukar nauyin wasa shi ne katin hoto. Danna Ctrl da Shift da Esc a lokaci ɗaya, ka shiga sashen da ke nuna aikin kwamfutar, ka karanta sunan katin hoton da idonka. Idan ka ga GTX 1050 ko GTX 1650, za ta ɗauki GTA V da ƙwallo cikin kwanciyar hankali. Idan Intel UHD ko Intel HD kawai ka gani, to tsofaffin wasanni da marasa nauyi ne rabonka. RAM kada ya gaza giga 8, ma'adanar kuma ta zama SSD, wato irin mai saurin nan.

Hanya ta uku, wadda mafi yawan masu tambaya ke nufi, ita ce injin gem. A nan ra'ayina bai canza ba: mai ƙaramin ƙarfi ya tsaya mataki ɗaya a bayan zamani. PS5 ya fito a Nuwambar 2020 a kan dala 499, kuma sababbin wasanninsa dala 70 ake sa musu. PS4 kuwa tun 2013 yake, an sayar da shi fiye da miliyan 100 a duniya, saboda haka na hannu sun cika kasuwa, faifansa sun yi araha, kuma kowane mai gyara ya san cikinsa. Iri uku ne: babba na farko, sai Slim da Pro da suka fito a 2016. Slim nake zaɓa wa mutane. Ya fi cin wuta kaɗan, ya fi shiru, ya fi jure zafinmu. Amfanin Pro gare ka kaɗan ne idan talabijin ɗinka ba 4K ba ce. Ƙarin daɗi kuma, mafi yawan faifan PS4 suna aiki a PS5 mai cin faifai, don haka abin da ka tara ba zai zama asara ba ranar da Allah ya hore maka babban.

Idan kuɗin bai kai PS4 ba, PS3 yana nan, amma ka nemi Slim ko Super Slim, ka guji babban na farko mai yawan mutuwa saboda zafi. Ka kuma sani ƙwallonsa ta tsaya ne a FIFA 19 da PES 2018. PS2 na yara ƙanana ne da masu tsohuwar talabijin marar HDMI, kuma da babu gara ba daɗi.

Gargaɗi: Xbox Series S yana jan hankali saboda ya fito a kan dala 299 kacal kuma sabon zubi ne. Amma ba ya cin faifai ko kaɗan. Komai sai ka sauke daga intanet, ba aro, ba musaya, ba na hannu. Haka ma PS5 marar faifai. Wanda yake sayen data giga-giga, waɗannan injina ba nasa ba ne.

4. Tanadi da lokacin saye

Ware kuɗin a wani asusu dabam da ba ka yawo da katinsa, ko ka shiga adashi da mutanen da ka yarda da su. Kada ka je kasuwa ana gobe sallah ko makon da aka ba da hutu, lokacin ne kowa ke nema, masu kaya kuma ba sa sassauci. Yi zagayen tambayar farashi sau biyu ko uku ba tare da kuɗi a aljihu ba. Wanda ke Kano ya leƙa Farm Centre da Beirut Road, na Abuja ya je Banex, mai ɗan'uwa a Legas ya sa a tambayo masa a Computer Village ko Alaba. Duba Jiji da Facebook don ka san inda farashi ya tsaya, amma duba kawai.

Gargaɗi: ba a cinikin biri a sama. Duk wanda ya ce ka turo rabin kuɗi ko kuɗin mota kafin ka ga kaya, rabu da shi, komai arahar da ya yi maka.

5. Ranar kasuwa: gwaji kafin biya

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, don haka ka ware masa yini guda, kada ka je a gurguje. Tafi da wanda ya san gem, da faifai ɗaya na aro mai nauyi, da wayarka da ɗan data a ciki.

Fara da jiki. Juya injin ka dubi bayansa: akwai 'yan takardun manne da ke rufe kusoshi. Idan an yage su, an taɓa buɗe injin. Wannan ba ya nufin ya lalace, amma dalili ne na tambaya da kuma na rage kuɗi. Idan PS4 ne, karanta lambar samfur a jikinsa: CUH mai farawa da 1 babban na farko ne, mai farawa da 2 Slim ne, mai farawa da 7 Pro ne. Haska fitilar waya cikin ramin HDMI ka ga ko haƙoransa sun lanƙwashe. Bayan an jona, ɗan motsa wayar HDMI ɗin a hankali. Idan hoto ya ɗauke ya dawo, ramin ya kusa mutuwa, gyaransa kuma na masu ƙwarewa ne, ba ya araha. Fitilar injin ta fara da shuɗi ta koma fari. Idan ta tsaya tana ƙyafta shuɗi babu hoto, ajiye shi ka yi gaba.

Sai faifai. Saka naka, ba nasu ba. Ka ga ya ja shi da kansa babu gardama, ya karanta, ya kuma fito da shi idan ka danna. Sannan ka zauna ka yi wasa na aƙalla minti 30. Mai shago zai fara ƙosawa, zai ce ai ka ga yana yi. Kada ka tashi.

Dalilin da ya sa nake nanata wannan, ni ya taɓa faruwa da ni. Injina na farko na saye shi ne a wani shago bayan gwajin da bai fi minti biyar ba, fankar shagon na kaɗawa a kansa, kasuwa na ta hayaniya. Na kai shi gida cikin zafin Afrilu, na kunna bayan isha'i. Ana cikin rabin lokaci na biyu sai fankar cikinsa ta fara ƙara kamar injin markaɗe, na kai hannu bayansa na ji iska mai zafi kamar ta bakin tanderu, sai rubutu ya fito cewa inji ya yi zafi da yawa, ya mutu. Da mai gyara ya buɗe, ƙura ta dunƙule a jikin ƙarfen sanyaya kamar auduga, man da ake shafa wa firosesa kuma ya bushe ya zama gari. Na koma wa mai shago, ya ce ai na gwada da hannuna kafin in biya. Babu takarda a tsakaninmu, babu abin da zan ce.

Saboda haka kai ka nemi a kashe fankar shago, ka kai kunnenka kusa da injin bayan minti 20. Ɗan huci ba komai ba ne, amma ƙara mai hauhawa alama ce ta aiki a gaba.

Yanzu hannu, wato fad. Shiga wasan ƙwallo, ka ajiye hannun a kan tebur ba tare da ka taɓa komai ba, ka zuba wa ɗan wasanka ido. Idan ka ga ya fara takawa shi kaɗai yana nufar layin gefe, sandar hannun ta lalace. Danna kowane maɓalli, musamman L2 da R2 da ke saurin saki. Jabun hannu sun yi yawa a kasuwa: sun fi na asali rashin nauyi, faifan taɓawa na tsakiya ba ya jin yatsa sosai, batirinsu ba ya daɗewa. Na asali na hannu ya fi sabon jabu. Cire waya ka tabbatar yana aiki ba tare da ita ba.

Na ƙarshe, kunna wa injin intanet daga wayarka, ka gwada shiga PlayStation Network. Akwai injinan da Sony ya toshe saboda laifin mai su na farko, kuma wannan toshewa ba ta gyaruwa. Idan mai kaya ya ce kada a jona shi da intanet, to an yi wa injin kutse ne an loda masa wasannin sata. Na san da yawa suna sayen irinsa don ganin wasa 15 a ciki. Ni ba na ba da shawararsa: haƙƙin masu shi ne aka ci, ba za ka yi wasa da kowa ta intanet ba, kuma ranar da yaro ya danna sabuntawa bisa kuskure, duk wasannin sun rufe.

Idan komai ya yi, sai ciniki. Taya ƙasa da abin da ka shirya biya, idan ya ce albarka ka ƙara kaɗan-kaɗan. Inda ya ƙi rage kuɗi, nemi ya ƙara maka fad na biyu ko faifai ɗaya, sau da yawa sun fi yarda da wannan. Kada ka bar shagon sai da rasit mai ɗauke da lambar jikin injin, kwanan wata, da kwanakin gwaji da kuka yi yarjejeniya a kai, ko da mako ɗaya ne. A rubuce, ba da baki ba.

6. Gyara maganar wuta kafin ka kunna

Abin da ya fi kashe injina a wajenmu ba tsufa ba ne, wuta ce. PS4 yana karɓar wuta daga 100 zuwa 240, don haka wanda aka kawo daga Amurka ma zai yi aiki da tamu mai 230. Amma tsofaffi irin babban PS2 da Xbox 360 da suka zo daga Amurka ko Japan na wuta 110 ne, ka karanta jikinsu ko jikin cajarsu; idan ka jona kai tsaye, hayaƙi za ka gani.

Mafi ƙarancin abin da za ka saya shi ne gad irin na talabijin, wanda yake jinkirta shigar wuta idan an dawo da ita. Idan unguwarku ana fama da ƙaramar wuta, ƙara da sitabilaiza mai 1000VA, ta ishi inji da talabijin. Wanda ya fi duka shi ne UPS, domin zai ba ka 'yan mintuna ka adana wasa ka kashe inji yadda ya kamata idan NEPA sun ɗauke.

Ga lissafin masu sola ko inbata. PS4 Slim ba ya kai wat 100 a lokacin wasa, talabijin LED mai inci 32 tana cin wajen 50, jimla ka ɗauka 150. Batir mai bolt 12 da 100Ah yana riƙe da wutar da za ta ba da wat 1,200 na awa ɗaya, amma na ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa, saura 600. Raba 600 da 150, ka cire abin da inbata ke ci, za ka samu awa uku da ɗoriya. PS5 shi kaɗai yana kaiwa wajen wat 200, ka ga wani dalilin na tsayawa a kan Slim.

Idan da ƙaramin janareta za ka yi, tayar da shi tukuna, ka bar shi ya daidaita, sannan ka jona. Ka kashe gem kafin ka kashe janareta, kuma kada ka bari mai ya ƙare ana cikin wasa.

Gargaɗi: PS4 yana da yanayin barci, inda fitilarsa ke komawa ruwan lemo. Wannan an yi shi ne don ƙasashen da ba a ɗauke wuta. Kai kullum ka kashe shi gaba ɗaya, ka jira fitilar ta mutu, sannan ka zare. Ɗaukewar wuta a lokacin barci tana iya lalata ma'adana, wani lokaci har da duk inda ka kai a wasanninka.

7. Buɗe akawun da hannunka

Da ka isa gida, shiga saiti ka wanke injin ya koma kamar sabo, sannan ka buɗe akawun naka da imel ɗin da kai kaɗai ke da mabuɗinsa. Kada mai shago ya buɗe maka. Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da shagon PlayStation ya tanada, don haka mutane kan zaɓi Amurka, Ingila ko Afirka ta Kudu. Yi tunani kafin ka zaɓa, domin ba a canza ƙasa bayan an buɗe, kuma katin kuɗin da za ka loda dole ya zama na ƙasar da ka zaɓa. Katin Amurka ba ya shiga akawun na Ingila. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu tun ranar farko. Idan na yara ne, buɗe musu nasu a ƙarƙashin naka. Daga nan za ka iya ƙayyade musu awannin wasa da hana su sayen komai.

8. Inda ake samun wasa da araha

Fara da na kyauta. eFootball, wanda ya maye gurbin PES a 2021, kyauta ne a PS4, kwamfuta da waya. Fortnite, Rocket League da Apex Legends su ma kyauta ne a PS4 da kwamfuta, kuma irin waɗannan ba sa bukatar biyan PlayStation Plus kafin a yi su ta intanet. Sauran wasannin da aka saya da kuɗi, irin su FC, wato ƙwallon da a da ake kira FIFA, sai da Plus ake haɗuwa da mutane a intanet. Idan a ɗaki kuke wasanku, kada ka biya shi ko sisi. Mai kwamfuta ya buɗe akawun a Epic Games Store: duk ranar Alhamis suna ba da wasa kyauta, kuma wanda ka karɓa ya zama naka ko ba ka sauke shi a ranar ba. A Steam kuma, wani shagon wasannin kwamfuta na intanet, ana babban ragi a ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba, sannan idan ka sayi wasa bai yi a kwamfutarka ba, suna mayar da kuɗi muddin ba ka wuce kwana 14 ba kuma ba ka yi shi awa biyu ba.

Sai faifan hannu, wanda shi ne ainihin ribar mai PS4. God of War da Spider-Man na 2018, Uncharted 4, Horizon Zero Dawn, Mortal Kombat 11, GTA V, duk manyan wasanni ne da yanzu ake samu a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da sabo. Ɗaga faifan a haske ka duba bayansa, musamman zagayen ramin tsakiya, domin tsagewa daga nan take farawa. Red Dead Redemption 2 faifai biyu ne a kwali, ka tabbatar duka suna ciki. Dabarar da muka yi da abokaina ita ce, mu huɗu, kowa ya sayi wasa dabam, muna juyawa duk wata. Kuɗin faifai ɗaya, wasa huɗu. Rubuta wanda ka ba aro da ranar, don faifai ba ya dawo da kansa.

Maganar ƙwallo kuwa, sabon FC yana fitowa ne a ƙarshen Satumba kowace shekara, kuma da ya fito na bara yake faɗuwa warwas. Sayi na bara a Oktoba. Bambancinsu bai wuce 'yan wasan da suka canza kulob da sababbin riguna ba.

Gargaɗi na farko: akwai masu sayar da akawun mai ɗauke da wasanni a kan rabin kuɗi. Akawun ɗaya suke sayar wa mutane da yawa. Wata rana za ka kunna ka ga hoton kwaɗo a kan wasan, lambar mai sayarwa kuma ba ta shiga.

Gargaɗi na biyu, wanda ya fi ci mini rai: wasan kyauta ba ya nufin ba zai ci kuɗinka ba. Dayamon na Free Fire, UC na PUBG, kwalayen 'yan wasa na ƙwallo, an tsara su ne don ka riƙa zuba ɗari biyar, dubu, dubu biyu, ba ka ankara ba ka kashe kuɗin inji. Kwalayen sa'a ɗin nan da ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya, hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke tun 2018 cewa caca ce. Na san yaron da ya kwashe kuɗin mahaifiyarsa ta wannan hanya saboda katinta na jone da wayar. Sa mabuɗi a kan duk wani saye a Play Store. Shafukan da ke alkawarin dayamon kyauta idan ka shigar da bayananka kuma, akawun ɗinka suke nema, banza ba ta kai zomo kasuwa.

9. Tattalin data

Yin wasa ta intanet ba ya cin data sosai, awa guda ba ta cika wuce 'yan megabait ɗari ba. Saukewa da sabuntawa ne ke cinye ta. Wasa ɗaya na iya kai giga 40 ko 50, manya har 100. Saboda haka shiga saiti ka kashe saukewa ta kai-tsaye tun kafin ka jona intanet. Mafi yawan wasannin faifai masu labari suna yi ba tare da an sabunta su ba. Idan dole ne, yi amfani da garabasar dare ta layinka, ko ka ɗauki injin ka kai gidan abokin da ke da intanet marar iyaka, ka ba shi wani abu. Kada ka goge wasan da ka sha wahalar saukewa don neman wuri: PS4 yana karɓar ma'adanar waje mai USB 3.0 daga giga 250 zuwa sama, ka mayar da shi can.

10. Kula da shi, da ranar sayarwa

Ɗora injin a kan tebur, ba a ƙasa ba, ba a kan kafet ko katifa ba, kuma ba a cikin durowar talabijin mai murfi ba. Bar masa tazarar taƙi ɗaya daga bango. Idan ya huce bayan wasa, rufe shi da ƙyalle, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Amma kada ka taɓa rufe shi yana kunne. Duk mako ka bi ramukan iskarsa da buroshi mai laushi, sau ɗaya a shekara kuma, kafin zafin bazara, ka kai shi a buɗe a share a canza man firosesa. Kyankyasai suna son ɗumin cikinsa, kuma suna ƙona sashen wuta, don haka kada a riƙa cin abinci a kusa da shi. Wanda ya gama cin tsire ko awara ya wanke hannu kafin ya ɗauki fad, mai da yaji su ke sa maɓallai su riƙa maƙalewa. Mai wasa da waya kuma ya daina yi tana jikin caji, zafin biyu yana kumbura batir.

Ajiye kwalin da rasit a inda ruwa ba zai taɓa su ba, domin inji mai kwali da takarda ya fi daraja ranar da za ka sayar ka cika ka sayi PS5. A ranar, kafin ka miƙa shi, kwafe ajiyar wasanninka a filash, ka cire injin daga matsayin babban injin akawun ɗinka, sannan ka wanke shi gaba ɗaya. Faifan kuma kada ka haɗa su cikin cinikin, za su yi maka aiki a sabon.